Abin Da Na Tono A Hanyar Bakori

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye da ke tsakanin Bakori da Funtua. Kafin in lalace, masara da dawa nake nomawa tare da Baba, kuma ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

Da rani nakan shiga kasuwar hatsi ta Funtua in yi dako, a can hannuna ya fara ƙaiƙayi. Yau in huda buhu in tsiyayi kwano guda, gobe in sungumi ƙarfen da aka ajiye in kai wa 'yan jari-bola. Kullum ina ce wa raina ai ba wanda zai mutu don wannan.

Ana nan sai gwamnati ta kawo aikin intanet mai sauri yankinmu. Aka haƙa rami a gefen titi, aka binne wani baƙin kebul, sabis ya yi ƙarfi har cikin ɗaki. Wanda ya fi kowa murna Baba ne, shi da ko lamba bai iya dannawa ba. Ƙaninsa, Baffa, ya tafi Makka tun ina goye, bayan sun yi faɗa a kan gonar gado, bai sake dawowa ba. Ga shi ciwo ya kwantar da Baba. Ƙanwata Hadiza ta nemo lambar Baffa, ta ce su gaisa ko da murya ce.

Baba ya ce, "A'a. Ina kallon idonsa na gaya masa baƙar magana, ina kallon idonsa zan nemi gafara."

Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, za a yi kiran bidiyo. Baba ya sa aka wanke farar rigarsa, aka kira wanzami ya yi masa aski. Har tambayar Hadiza ya yi ko zai yi kyau a cikin wayar.

Ranar Alhamis abokina Ɗanliti ya rantse mini cewa kebul ɗin nan cike yake da jan ƙarfe. Muka samo riguna masu ƙyalli irin na ma'aikata, muka hau tono da rana tsaka. Manoma na wucewa suna cewa, "Sannunku da aiki, Allah ya biya!" Ni kuma ba kunya nake amsa amin. Muka datse kebul ɗin, muka ja shi cikin wani kwazazzabo muka cinna masa wuta. Da robar ta narke ba mu ga ko ƙyallin jan ƙarfe ba, sai wasu siraran zaruruwan gilashi kamar gashin masara. Ko kyauta ɗan jari-bola ba zai karɓa ba.

Ranar Juma'a Baba ya zauna bisa tabarma cikin farar rigarsa. Hadiza ta ɗaga waya nan, ta ɗaga can, har katanga ta hau, ba sabis. Ina gefensa ina yi masa fifita, ban kawo komai a raina ba, don ni a sanina magana ta iska take bi, me ya haɗa ta da abin da ke cikin ƙasa? Sai maƙwabcinmu ya shigo ya ce ɓarayi sun yanke kebul, duk yankin ya ɗauke.

Sai a lokacin na gane aikina ne. Baba kuwa ya gyara hula ya ce, "Allah ya shirye su. Ƙila gobe." Da bakina na ce amin.

Kafin a gama gyara, Baba ya rasu. Manoman da suka yi mana sannu su suka gane fuskata, aka kama mu, alƙali ya tura mu gidan yari. Wahalar can ba ta dame ni kamar tuna wannan farar riga ba.

Ranar da na fito, Hadiza ba ta yi mini gori ba. Ta ba ni abinci, sannan ta miƙo mini waya. Sai ga fuskar wani dattijo, goshin Baba, wushiryar Baba. Na kasa riƙe hawaye. Na gaya masa komai, ban rage ba.

Baffa ya saurare ni har ƙarshe. Can ya ce, "Ɗana, ni ma a ran nan farar rigata na sa, na zauna har magariba. Na yafe wa Yaya tuntuni, so na yi kawai ya ji daga bakina. Tunda shi bai ji ba, kai ka ji. Na yafe masa, kai ma na yafe maka."

Na tuba, na koma gonar da suka yi faɗa a kanta, ita nake nomawa yanzu.

Ƙannena matasa, ina roƙonku, kada ku raina ƙaramar sata, da kwanon masara na fara. In kun ga kayan da aka kawo domin jama'a, ku bar shi inda kuka gan shi. Ba ku san wanda ya yi aski ya sa farar riga yana jiransa ba. Nawa ubana ne.