Abin Da Mashkura Kaɗai Ta Sani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyar ga Afrilu, 2025, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya karɓi ran matata Mashkura a wani asibiti a nan Abuja, bayan jinyar kwana uku. Sanƙarau ne, in ji likitoci. Shekarunta ashirin da bakwai. Ta bar mahaifiyarta Hajjo, da ni mijinta Sadisu, da 'yarmu ta fari, Khairat, wadda ranar take da wata biyar da kwana shida a duniya.

Mashkura, da ke zan yi magana, domin akwai abin da ke kaɗai kika sani game da ni, kuma kin tafi da shi.

Mutane sun faɗi alherinki a zaman makoki, ba su kuma ƙara gishiri ba. Masu tura ruwa a baro sun zo su biyar, suka tsuguna a bakin tabarma, suka ce tun da zafin bana ya kama ba su taɓa wuce ƙofar gidanmu a Nyanya ba tare da kin miƙo musu ruwan sanyi ba. Ni ban ma san kina yi ba, lokacin ina ofis. Maƙwabciyarmu Maman Innocent, wadda kike aika wa kunun tsamiya duk yammacin azumi alhali ba azumin take yi ba, ta riƙe ƙyauren gida tana kuka tana cewa, "Wannan mata bai taɓa yi faɗa da kowa ba." Iyayen yaran da kike koyarwa a firamare sun cika layin. Duk wannan kowa ya gani. Abin da ba a gani ba shi ya hana ni sukuni.

Ni tarbiyyar gidanmu ta kunya ce. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayanmu na fari ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kuma mun taso muna ganin wannan shi ne mutunci. Da aka haifi Khairat, Hajjo ta taso daga Bauchi ta zo yi miki wankan jego, tunda kin ce ba za ki tafi gida ki bar ni ni kaɗai ba. Kwana arba'in tana ɗakinmu. A kwana arba'in ɗin nan ban taɓa yarinyar ba ko da ɗan yatsa. In na dawo aiki sai in durƙusa daga bakin ƙofa in gaida surukata, in ce, "Ya mai jiki? Ya yarinyar?" in wuce. Kina kallona ta gefen ido kina cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce miki.

Ranar da Hajjo ta koma, ko takalmi ban gama cirewa ba kika miƙo mini yarinyar kika ce, "Oga na ofis, ga fayil ɗinka, ya daɗe yana jiran sa hannu." Na karɓe ta. Daga ranar kika sa ni makaranta. Ke kika koya mini auna ɗumin ruwan wanka da gwiwar hannu, da yadda ake tallafe wuya, da yadda ake shafa man kaɗanya a bi duk lungun fata. Da bazara ta shigo, ƙurajen zafi suka feso mata a wuya da baya, sai wankan safe ya zama nawa. Kafin ƙarfe shida, kafin in fita in shiga gosulon hanyar gari, na yi mata wanka, na barbaɗa mata hoda, ke kuma kina kan shayi kina ba da umarni daga kicin.

Kai, har goyo kika koya mini. Ranar Asabar in an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ɗaki ya ɗauki zafi, sai mu rufe ƙofa mu saki labule, in tsaya daga ni sai singileti, ki ɗora mini ita a baya, ki ɗaure zane ki kawo majanyi. In yi ta kai da kawowa tsakanin kujera da firiji ina rera sunanta, sunan da ba na iya furtawa a waje. Wata rana Maman Innocent ta buga ƙofa neman ashana, na ruga banɗaki da goyona na kulle. Kin yi dariya har kika zauna a ƙasa. Da ta tafi na fito na ce ki rufa mini asiri, kada kowa ya ji, musamman Hajjo. Kika ce, "To, Baban Khairat, na ji." Kin kuwa cika alkawari. Da ma ba ki cika ba.

Ruwan farko ya sauka mana ranar wata Juma'a da yamma, da iska mai ƙarfi wadda ta zubar da mangwaron tsakar gida. Kika fita da gudu kina tara bokitai, ni ina bakin taga da yarinyar, tana zare ido tana jin ƙarar kwano karo na farko a rayuwarta. Kika dawo jiƙe sharkaf kina cewa ƙamshin ƙasa ya sa ki kewar Bauchi. Bayan mako guda kika fara ciwon kai. Kika ce zafi ne kawai, ni ma na ce zafi ne. Sai da wuyanki ya ƙi juyawa muka tafi asibiti. Wannan ma ina ɗauke da shi, amma na san kwana in ya ƙare babu mai ƙara shi.

Abin da ba zan iya jingina wa ƙaddara ba shi ne abin da ya biyo baya.

Kwana bakwai ina zaune ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida ina amsa gaisuwa, kwana bakwai ina jin kukan Khairat daga cikin ɗaki. Da rana ta take sai ta fara. Mata suna ta karɓa-karɓa da ita, wannan ta jijjiga, waccan ta haɗa madara, wata ta ce maraici ne, yaro yana ji a jikinsa. Ni kuwa na san kukan. Na san an sa mata hula da safa, na san bayanta ne ke ƙaiƙayi. Taku goma ne tsakanina da ita. Amma ɗakin cike yake da surukai, sai na sunkuyar da kai ina jan carbi, ana cewa Sadisu akwai tawakkali.

Ranar sadakar bakwai, bayan an watse, kawunki Labaran ya kira ni gefe, Hajjo tana zaune daga bayansa. Ya ce sun yi shawara, yarinya za ta bi kakarta Bauchi, domin namiji ba ya rainon jariri, balle wanda bai saba ba. Tun da safe ƙanwata Nafeesa, wadda take nan Karu kuma tana shayar da nata ɗan, ta ce mini in na yarda za ta riƙa shayar da Khairat ta riƙe ta da rana, in ɗauke ta in na taso aiki. Maganar tana bakina. Kawu ya ce, "Sadisu, kana da abin cewa?"

Na ce, "Duk yadda kuka yanke, Kawu."

Aka shafa fatiha. Wallahi, Mashkura, sai da na waiga ina neman ki, don ke ce za ki yi dariya ki tona ni.

Washegari na raka su tashar Nyanya. Motar ba ta cika da wuri ba, rana ta yi sama, ƙarfen mota ya ɗau zafi. Khairat ta fara. Hajjo ta jijjiga, ta yi mata wasa, ta ba ta madara ta ture. Fasinjoji suka fara juyowa. Ina tsaye jikin taga kamar wanda ya rako baƙi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ji kawai na ce, "Hajjo, a ba ni ita."

Na cire mata hula da safa da rigar sama. Na sayi ruwan leda na jiƙa hankicina, na kifa ta a kan hannuna, na bi bayanta da shi a hankali ina kiran sunanta, a gaban direba da 'yan kamasho da kowa. Kukan ya koma ajiyar zuciya. Kafin minti biyar ta yi barci, yawunta na bin hannuna.

Hajjo ta daɗe tana kallona. Ba ta taɓa yi mini doguwar magana ba sai ranar. Ta ce, "Yaushe ka koyi wannan?"

Na ce, "Ita ta koya mini."

Ta ce, "Kwana arba'in ina gidanka. Na koma Bauchi ina cewa a raina 'yata ita kaɗai take wahala da yarinyar nan. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Da wannan na zauna har ta rasu." Ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ce, "To yanzu me ka ce?"

An sake ba ni dama, kin ji. Direba ya riga ya tada mota. Na dubi matar nan da ta rasa 'yarta kwana takwas da suka wuce, hannayenta biyu a buɗe a kan cinya, babu komai a cikinsu. Na miƙa mata yarinyar tana barci, na haɗa da hankicin. Har yau ban sani ba ko tausayi ne ya sa ni, ko kunyar ce ta sake kama ni. Na yi wa kaina wannan tambaya a sallah, na yi ta a ofis, ban samu amsa ba.

Yanzu damina ta kankama. Har yau ƙarfe biyar da rabi nake ɗora ruwa, sai ya yi ɗumi in tuna. Robar wankan tana nan a jingine inda kika ce a riƙa jingine ta.

Ya Allah, ka gafarta wa baiwarka Mashkura, ka yalwata mata kabarinta, ka sanyaya shi kamar yadda ta sanyaya wa bayinka maƙoshi. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ka haɗa ta da salihai a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kawu Labaran, da dangi na Bauchi, da abokan aikinta da ɗalibanta, da maƙwabtanmu da suka tsaya mana. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Ke kuma Hajjo, Allah ya ba ki dangana, ya saka miki da alheri, ki kuma yafe mini zargin da na bar ki da shi a zuciya. Khairat 'yata ce, ina son ta, na faɗa yau kowa ya ji. Idan ta yi kukan azahar, ba yunwa ba ce. A cire mata hula.