Takardar da Aka Cika wa Tsinke

Baba Tsinke, mai gyaran janareto a rumfar da ke bayan gidan mai, shekara talatin da ɗaya ya yi a sojan sama, amma sau biyu kacal ƙafarsa ta taɓa barin ƙasa. Makanike ne. Shi yake kwance injin jirgi ya ɗaure, wasu su tashi da shi. Tun yana yaro aka laƙaba masa Tsinke saboda rama, har ya yi furfura bai yi ƙibar da za ta ƙwace shi daga sunan ba. In aka tambaye shi me ya kai shi sojan sama, sai ya ce teburinsu ne ya fi kusa da ƙofa. Mutane su yi dariya. Gaskiya yake faɗa, sai dai rabinta ce.

Su biyu Inna ta haifa, shi da yayansa da ake kira Bahago. Bahago ya shiga sojan ruwa Tsinke yana aji uku na sakandare. Shekara biyu bayan haka wasu hafsoshi biyu suka zo gidan da akwatinsa na ƙarfe, suka ce igiyar ruwa ta share shi daga saman jirgi da rana tsaka, an yi kwana huɗu ana nema ba a ga ko hularsa ba. Inna ta tura akwatin ƙarƙashin keken ɗinkinta, ba ta sake buɗe shi ba.

Da Tsinke ya cika ashirin aka yi shelar ɗaukar sababbin sojoji. Kawu, ƙanen Inna, tsohon kofur ne na sojan ƙasa, ya zo takanas don ya ba da shawara.

"Ka bi sahuna, ɗana. Soja ɗaya ne, na ƙasa. Na sama direbobi ne masu son guga, na ruwa kuwa..." Ya dubi Inna, ya haɗiye sauran.

Tsinke kuwa ya riga ya yanke. Sojan ruwa yake so. Yana ganin in ya taka inda Yaya ya taka, zuciyarsa za ta yarda cewa ya mutu.

A zauren taro na wata makaranta aka yi ɗaukar. Teburi uku, kowanne da layinsa, fanka ɗaya tana juyawa a kasale. Wajen sha ɗaya na safe layi ya zo kansa. Ya faɗi sunansa. Sajan ɗin da ke teburin sojan ruwa, wani mai ƙaton ciki da tabarau a kan hanci, ya laluba cikin takardu.

"Kai ne ashe. An riga an cika maka. Sa hannu kawai ya rage."

Ya turo takardar. Da danshi a jikinta, gefenta ya nannaɗe, kuma tana warin gishiri. Rubutun ya kwanta ta baya, irin na mai rubutu da hagu. Tsinke ya san rubutun nan, a bayan kowane littafi da ya gada daga Yaya yake. An manna hotonsa a sama. A layin da ake rubuta wanda za a nema in wani abu ya faru, an sa sunan Yaya da lambarsa ta aiki.

"Ranka ya daɗe, wa ya kawo wannan?"

"Wani dogo ne, da kakinmu irin na da. Ya ce ƙanensa yana tafe. Nan ya zauna ya cika." Sajan ya nuna kujerar da alƙalami. "Ka goge kafin ka zauna, ya bar ta sharkaf."

Tsinke ya dubi kujerar. Ruwa ya taru a tsakiyarta, yana ɗiga ƙasa a hankali. Rabon garin da ruwan sama wata uku.

Ya karɓi alƙalamin. Har ya ɗora bakin alƙalamin a kan takardar sai ya ji sanyi ya kama yatsunsa, ya haura zuwa gwiwar hannu. Na bayansa ya ce, "Malam, ka yi sauri mana." Ya ajiye alƙalamin, ya juya, ya nufi ƙofa. Bai kai ga fita ba. Ya dafa teburin ƙarshe, na sojan sama, wata mace mai shuɗin kaki ta miƙo masa busasshiyar takarda ta ce ya rubuta sunansa. Ya rubuta.

Kawu ya ce wasan banza ne wani ɗan iska ya yi. Washegari ya sa tsohuwar hularsa ya tafi neman ba'asi. Sajan ya ce tawadar ta narke, ba a iya karanta komai, ya jefa takardar a shara. Inna kuwa da ta ji labarin ba ta ɗago kai daga ɗinkinta ba.

Tsinke ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ya kai muƙamin sajan, ya auri malamar makaranta, suka haifi 'ya'ya mata uku. Shekara da shekaru yana bin diddigin waɗanda suka shiga sojan ruwa a ranar, yana jiran ya ji jirginsu ya nitse. Babu abin da ya same su. Ɗaya ma yana nan yana sayar da tayoyi, lafiyarsa ƙalau. Wannan ya fi damunsa, don da sun halaka da ya san abin da ya guje wa.

Yana da shekara arba'in da biyar Inna ta kwanta ciwon ajali. Wata rana da la'asar yana ba ta ruwa da cokali, ta riƙe masa hannu.

"Ni na ba shi hoton," in ji ta.

"Wane hoto, Inna?"

"Naka. Kana fita da safen ranar ɗaukar sojan nan, yayanka ya tsaya a bakin ƙofa, kayansa na ɗiga. Ya ce, Inna, ba ni hoton ƙanena. Na ciro a aljihun keke na ba shi."

"Kin san inda zai kai ni, kika ba shi?"

"Ɗana ne shi ma. Shi kaɗai ne a can." Ta rufe ido. "Da ka dawo da yamma na gode wa Allah, kuma na ji kunyar yayanka."

Bayan kwana biyu ta rasu. Tsinke bai gaya wa Kawu ba, bai gaya wa matarsa ba sai da ya yi ritaya. Ya daɗe yana jin haushin Inna, har 'yarsa ta fari ta yi aure ta tafi wani gari mai nisa, ya kama kansa yana lallashin autar ta bi ta don kada kaɗaici ya dame ta. A ranar ya je kabarin Inna, ya share ciyawar da ta fito, ya zauna har inuwa ta juya.