Hoton da na bari a cikin rahoto

Edita, assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramar malama ce a sashen kimiyyar sinadarai na wata jami'a a nan Kano. Ina zaune a Dorayi da maigidana da 'ya'yanmu uku, kuma na shekara shida a mataki ɗaya ba ƙarin girma. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san halin da nake ciki ranar da aka kira ni ofishin shugaban jami'a, aka ce an naɗa ni sakatariyar kwamitin kare muhalli. Jami'armu ta shiga wata haɗaka ta shugabannin jami'o'i da suka yi alkawarin tattalin ruwa da wuta da tsaftace muhalli, kuma kowace jami'a za ta kawo rahoton abin da ta yi wa jama'ar da ke kewaye da ita. Farfesan da ke shugabantar kwamitin shi ya duba aikin digirina na biyu, ban taɓa iya musa masa ba.

Ni na kawo shawarar mu auna ruwan da ke fitowa daga kamfanonin jimar fata, wanda ke gangarawa kogi, masu noman rani su ja shi su shayar da alayyahu da latas ɗin da muke saye a kasuwa. Wata huɗu ina yawo da kwalabe a bayan mota tsakanin Sharada da Challawa, wani sa'in har Bompai. Warin ya kama mayafaina har yarana suka daina rungume ni in na dawo. Masu gadi kuwa da sun hango ni sai su ja ƙofa. Ruwan kwata ina samu, amma ba ni da hanyar nuna daga ina yake fitowa.

A rumfar wata mai abinci da ke bakin wani kamfani na haɗu da wani dattijo. Mutumin Jigawa ne, ya shekara goma sha tara a sashen wanke fata, tafukan hannunsa duk sun saɓule. Ya ce ya daɗe yana ganina da kwalabena. Ya ce ƙaninsa na da lambu a bakin kogin, kuma ƙafafun ƙanin sun yi gyambo saboda ruwan, sun ƙi warkewa. Ya ce zai nuna mini bututun da ake sakin ruwan ta bayan katanga ba tare da an tace shi ba, amma da sharaɗi ɗaya, kada a san shi ne. Na rantse masa. Da hantsi, lokacin canjin aiki, ya kai ni. Na ɗebi ruwan, na ɗauki hoton bututun da wayata. A gefen hoton yana tsaye riƙe da kwalbata, sanye da rigar kamfani, rabin fuskarsa a fili.

Sakamakon gwajin ya yi muni fiye da yadda na zata. Farfesa ya karanta, ya cire tabarau, ya kira ni 'yarsa, ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya ce Alhajin da ke da kamfanin shi ne ya yi alkawarin sa wa ɗakin karatunmu sola, kuma yana cikin manyan baƙi a taron haɗakar. Ya ce shugabanni labarin nasara suke son ji, mu ajiye sakamakon mu buga shi a mujallar ilimi daga baya. Wallahi ko gardama ban yi ba. Na gaji, kuma takarduna na neman ƙarin girma suna kan teburinsa. Na zauna na cire duk shafukan sakamakon. Hotuna kuwa na bar su don rahoton ya yi armashi, na sauya rubutun ƙasansu ya koma haɗin gwiwa da masana'antu.

An yi taron a wani otal a Nassarawa. Ina tsaye ina bayani majigi ya haska hoton bututun a bango, ya yi girman ƙofa. Sai a lokacin na ga fuskar dattijon sosai. A layi na biyu manajan kamfanin ya ɗaga waya ya ɗauki hoton. Na gan shi, na ci gaba da magana. Aka tafa, aka ba jami'armu takardar yabo.

Sai bayan mako biyu na iya komawa rumfar mai abincin. Ta ce kashegarin taron aka sallami dattijon daga aiki, ta kuma kwatanta mini inda yake haya a Zawaciki. Na same shi a ƙofar gida yana ɗaure kayansa cikin buhu. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya gaishe ni kamar babu abin da ya faru. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni, ya ce, "Hajiya, in dai manya sun ga sakamakon za a gyara ruwan, ai ba komai." Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na gaya masa ba wanda ya gani, ni da hannuna na cire. Ya daɗe yana kallon buhun. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya shiga gida, bai sake fitowa ba. Daga baya na ji ya koma ƙauyensu, lambar wayarsa kuma ta daina shiga.

Ƙarin girman ya zo, sola ma an sa. Sakamakon yana nan cikin durowata. Farfesa ya yi ta cewa in ƙara haƙuri har ya yi ritaya, wanda ya gaje shi ya ce aikin ya tsufa, sai an sake sabo. Na ajiye muƙamin kwamitin, ba wanda ya tambaye ni dalili. Har yanzu ina koyar da ɗalibai illar gurɓataccen ruwa, amma muryata ba ta da ƙarfin da.

Ban ce haɗakar nan banza ce ba, akwai jami'o'in da suka yi aikin kirki a cikinta. Abin da na koya shi ne rahoto yana iya yin kyau a zauren taro alhali wanda ya ɗauki kasadar yana ɗaure kayansa. 'Yan uwana malamai, musamman ƙanana, in an ce ku sassauta gaskiya na ɗan lokaci, ku tambaya a gaya muku ranar da za a fito da ita, a rubuce. In kuma talaka ya ba ku amanar abincinsa, ku duba kowane shafi sau biyu kafin ya bar hannunku. Ni ban duba ba. Wanda ya karanta wannan ya sa dattijon nan a addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.