Waƙar da Idrisa yake tsoro

Shekara uku ke nan da ruwa ya ci Idrisa a Bahar Rum, kuma har yau in na ji kiɗan gita sai gabana ya faɗi.

Idrisa Bahaushen Sudan ne, tela a unguwar Hayyin Ashir, a birnin da na je karatu, nesa da ƙasarsa da tawa. Ni kuwa ɗalibi ne daga Zariya. Ɗinkin jallabiya na kai masa, muka ƙulla abota. Ga shi da tsokanar tsiya, bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Ustazu.

Wata rana muna shan shayi, aka sako a talabijin wata tsohuwar waƙar Turawa, irin ta rok ɗin nan, masu gashi buzu-buzu suna ta ihu. Na tsinci Turancin na fassara masa: wai duniya ta ji kunya, a ciyar da masu yunwa. Na ce, "Ka gani, akwai masu tausayi a cikinsu."

Ya ajiye kofinsa. "Na riga ka saninta, Ustazu."

Ashe yana yaro fari ya kore su zuwa sansanin gudun hijira, direbobin motocin agaji ne suke kunna waƙar. Dawa ta zo, har mahaifiyarsa ta ɗinka masa riga da buhun. Amma sai bayan an binne yayyensa biyu dawar ta iso. Ya ce, "Ba na zaginsu, sun ciyar da ni. Sai dai ba sa yi mana waƙa sai mun fara mutuwa. In ka ji ta, tambayi inda ake haƙa kabari."

Bayan juyin juya halin da aka yi a ƙasar da muke zaune, ɗinki ya ja baya. Ofishin agajin da yake bin layi a unguwar Dokki kullum ma'alish, wato a yi haƙuri, a dawo gobe. Na shiga shagonsa wata safiya ban ga keken ɗinkinsa ba, ya ce yana wurin gyara. Ashe sayar da shi ya yi, ya bi masu safarar mutane zuwa Turai. Ko gawarsa ba mu gani ba. Saƙonsa na ƙarshe shi ne in riƙe masa amanar ƙanensa Haruna.

Bana waƙar ta dawo, ana ɗora ta a kan hotunan jiragen ruwan da suka kife. Da Idrisa yana nan, na san dariyar nan tasa mai ɗaci zai yi, ya ce yanzu kuma shi ake yi wa. Ba shi da kabarin da zan ziyarta. Abin da ya rage mini nasa kashedin nan ne da Haruna, kuma wallahi tsoro nake ji.

Jiya na je unguwar Faisal, ɗakin da Haruna yake ɗinki. Tun daga matakala na jiyo waƙar a wayarsa. Na duba lungun da kekensa yake zama, wayam.

"Haruna, ina keken?"

Bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce, "Yana wurin gyara, Ustazu."