Hoton Mai Rai a Sanarwar Rasuwa

Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe wayata ta yi ƙara. Ina shagon buga takardu na Madam a Yelwa, inda nake aiki, ina jera hotunan azuzuwa a shafin intanet na wata makarantar firamare. Baƙuwar lamba ce. Ina ɗagawa na ji mace tana kuka.

"Yaushe Baffa ya cika? Da asubar nan fa muka gaisa da shi!"

Na ce mata ni ba 'yar gidan ba ce, ni ce dai na zana sanarwar, shi ya sa ta ga lambata a ƙasa. Na ce Malam ai tun jiya aka kai shi makwancinsa, wannan ta addu'ar uku ce.

"Na Malam mun sani," in ji ta. "Amma wannan hoton ƙaninsa ne."



Ga yadda aka yi. Marigayin malami ne a Ƙofar Ran, unguwarmu, kuma bai yarda a ɗauke shi hoto. Da ɗansa ya nemi in yi sanarwar, hoto ɗaya ya samo, na wani ɗaurin aure: dattawa biyar a jere kan tabarma, kowa da farar riga da farin gemu. Ya zagaye mahaifinsa da jan layi ya turo mini. Hoton ya zo a dushe, in na ƙara masa girma fuskar sai ta farfashe. Na ce ya turo na ainihi. Ya turo, fes, amma babu jan layin. Ni kuwa na riga na goge na farkon don wayata ta cika. Na amince da idona, na yanko wanda nake zaton shi ne, na goge tabarmar da sauran mutanen, na ɗora shi kan kore mai duhu. Har haske na ƙara masa a goshi. Na tura wa ɗan marigayin yana cikin karɓar gaisuwa, bai ko buɗe ba ya tura wa dangi.

Sunan da ke jiki daidai ne. Amma na fi kowa sanin cewa hoto ake kallo kafin rubutu, wasu ma hoton kaɗai.

Kafin azahar kira ya fi ƙarfin ƙirgawata. Wasu na yi mini ta'aziyya, wasu na zagi. Sai babban ɗan Baffan ya kira. Bai yi sallama ba.

"Ke ce kika kashe mana uba da ransa? Hajiya ta gani a wayar jikarta ta yanke jiki ta faɗi. Muna asibiti. Wallahi idan wani abu ya same ta, har gidanku zan zo da 'yan sanda."

Hajiya matar Baffa ce. Tana da hawan jini, shi ya sa aka bar ta a gidansu na Inkil ba a kawo ta zaman makoki ba. Ba ta karanta boko. Mijinta ta gani da kalmar Innalillahi da Larabci a saman kansa, aka kira wayarsa kuma a kashe, don yana cikin mutane.

Madam ta karɓe linzamin kwamfutar daga hannuna. "Kashe wayar nan," ta ce. "Ki je gidan wata ƙawarki ki kwana biyu, ƙura ta lafa."

Na so in yi hakan. Amma idan na kashe, hoton zai ci gaba da yawo, wata tsohuwar ma za ta gani. Na sha ruwa, na zauna. Na nemi ɗan marigayin ya sake zagaye mahaifinsa, na gyara sanarwar. Na yi wata daban da manyan baƙaƙe cewa Baffa yana raye lafiya, kuskuren mai zane ne, na kuma yi ta da murya saboda waɗanda ba sa karatu. Duk lambar da ta kira ni na bi ta na tura mata, har masu zagin.

Sannan na hau keke Napep zuwa shagon ɗinkin Babana. Wannan ne ya fi mini wuya. Da na gama sakandare babu halin wucewa gaba, na koyi zane a waya, sannan a kwamfutar Madam. Shekara guda ina roƙonsa kafin ya bar ni nake zuwa Yelwa kullum, kuma da sharaɗi: ran da aikin ya jawo wa gida magana, ran nan na ajiye shi.

Ya saurare ni ƙafarsa na kan keken ɗinki. Da na gama ya ce, "Kin tuna abin da muka yi da ke?"

"Na tuna, Baba. Amma ka kai ni in ba su haƙuri da bakina. Bayan nan duk abin da ka yanke."

Ya tashi ya ɗauki hularsa.

Bayan la'asar muka isa gidan makokin. Tabarmi har bakin titi. Ina bayan Baba, na ja mayafina na rufe rabin fuska, ina jin ana nuna ni. A zaure na ga mutumin da na kwashe awa guda ina gyara wa gemu. Yana zaune da carbi, tabon da na goge masa a kunci yana nan daram. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, ni ce."

"Ke ce mala'ikar? Ashe 'yar mitsitsiya ce." Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni hawaye ne suka ɓalle mini.

Babban ɗansa, da ya shigo daga asibiti ba da jimawa ba, ya taso da faɗa. Tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Zauna. Wa ya tura hoton cikin dangi bai duba ba, ita ko ɗan'uwanka? Ni da yayana, uwarmu ma sai ta matso kusa take bambance mu." Ya juyo wajena. "Uwar taku ta farfaɗo, 'yata. Na yi magana da ita, har ta ce ko mutuwar ma ba zan yi ba sai na wahalar da ita. Gobe za a sallame ta. Babu mai zuwa gidanku, babu mai kai ki ko'ina. Kin ji?"

Na gyaɗa kai. Baba ya yi ta godiya.

"Saura abu ɗaya," in ji tsohon. "Ranar nan dai tana tafe. Idan an share makoki ki zo ki ɗauke ni ni kaɗai, ki rubuta sunana a jiki ki adana, kada a sa na wani." Ya dubi Baba. "Ko ka hana ta aikin?"

Baba ya kalli ƙasa, ya kalle ni. "Za ta zo, Malam."

Sati uku ke nan. Har yanzu idan baƙuwar lamba ta shigo, sai ta yi ƙara sau uku nake iya ɗagawa. Madam ta ce in daina sa lambata a ƙasan aiki. Ban daina ba, don da babu ita, da matar nan ba ta same ni da wuri ba. Amma da yammar nan a zauren, da na ji ya ce ta farfaɗo, abin da na iya yi shi ne na zauna daɓas a ƙasa, wayar tana ta ƙara a cikin mayafina.