Kwalabe Biyu a Kan Teburin Goggo

Na dawo daga karatu da ra'ayin cewa ba mai amsa kuskurensa sai an ritsa shi. A can na ga manyan malamai suna kewaye-kewaye don kada su ce "ni ne", ni ma haka nake. Goggona, ƙanwar babanmu, ita ta sa na fara shakkar ra'ayin nan.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana gwajin jini a wani ƙaramin asibiti, a ɗaki mai taga ɗaya da firji mai gurnani. Ƙa'idarta ita ce ta rubuta suna a jikin kwalba kafin allura ta taɓa mutum. Wata Litinin layi ya kai har waje, biro kuma ya ƙi rubutu. Ta ɗebi jinin wani direba da na wani tela, ta ajiye kwalaben kusa da juna, ta aro biro, sannan ta rubuta. Sakamako ya ce tela yana da ciwon hanta, direba lafiya lau.

Bayan kwana biyu tana goge teburin sai hannunta ya tsaya. Kwalbar wa ta ajiye a dama? Ta yi ta yi, ta kasa tunawa. Ba wanda ya gani, ita kanta ba ta da tabbacin ta yi kuskure. Ta wanke hannu ta nufi ofishin likita, ta faɗa masa abin da take zargi.

"Anti, wani ya kawo ƙara ne?" in ji shi.

"Ni na kawo, yallaɓai."

"Kin san in na rubuta wannan, ɗakin nan ya fita hannunki?"

"Rubuta. Ni dai a ba ni katin direban da na telan."

Wayar direban ba ta shiga, don haka ta bi shi har tasha. Ta same shi a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Mama, ke da kika ce ƙalau nake? Ko jinin nawa ne ya yi miki daɗi?"

"Fito, ɗan nan. Ina jin na ba ka lafiyar wani."

A gaban 'yan tasha ta faɗa masa yadda aka yi, ba ta ɗora wa biro laifi ba. Aka sake gwaji, ashe kuwa an yi musanya. Direba ya fara shan magani. Telan, wanda ya riga ya ware kwanonsa da kofinsa daga na 'ya'yansa, ya zauna a benci ya rufe fuska.

Ita kuma aka mayar da ita tagar ba da kati. Can na same ta, tana kiran sunaye da muryarta ta kullum. Na tsaya ina kallonta kamar ban taɓa saninta ba.

Da layi ya lafa na ce, "Goggo, abin da ke hana mu faɗa kunya ce. Ke ba ki ji ta ba?"

"Na ji mana," in ji ta. "Amma kunyar a jikina take, ina iya ɗaukarta. Kuskuren yana jikin wani, yana tuƙa mota da shi bai sani ba."