Inna a Gefen Hoto

Ana idar da sallar asuba muka bar Kurmin Mashi, ni da ƙanena, muka nufi tashar Kawo. Ƙauyenmu za mu, can gaban Zariya. Dangi sun yanke a rushe zauren mahaifinmu a kafa shaguna. Ba wanda ya nemi shawarata, sai dai aka ce in zo in ɗauki hoton ƙarshe. Dama yanzu ba a tuna mai hoto sai waya ta gaza.

Kyamara biyu na rataya, sabuwa mai kati da tsohuwata mai fim. Gilashin bakin kyamara ɗaya gare ni mai faɗin gani, wanda ke kwaso ɗaki bango zuwa bango, kuma yana hawa kowacce. Ƙanena ya harari tsohuwar ya ce, "Yaya, wannan gawar fa?" Na ce ya ja bakinsa.

Direba ya cusa mu kamar buhuna, kuɗin mota kuwa sai ka ce Makka za mu. A Mararrabar Jos muka sayi ƙosai, rabinsa mai rabinsa iska. Bayan Zariya kwalta ta ƙare, muka shiga tsakanin gonakin masara muna karo da kawunan juna.

Zauren ƙunci gare shi. Maza suka cika tsakiya, har da mazajen ƙannena mata. Inna na ganin surukai ta ja tabarmarta can jikin ƙofa. Na ce, "Inna, ki matso." Ni ne ɗan fari, ba ta yi min magana kai tsaye. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mai abin nan, nan nake zama."

Na ɗauka da sabuwar, na duba. Tsakiya tas, har zaren huluna. Gefe kuwa ya dushe, ya yi ja-ja kamar an watsa galura, fuskar Inna ta dame. Haka sabuwar kyamarar take yi da tsohon gilashin nan, hasken da ya shigo a karkace ba ta iya shi. Fim ba ruwansa, ta ko'ina haske ya zo karɓa yake. Surukai suka fara duba agogo. Na mayar da gilashin kan tsohuwar, na danna. Babu allon dubawa, zauren kuma jibi za a sa masa diga.

Haka na dawo Kaduna ban san abin da na ɗauko ba. Na toshe tagar ɗakina, na wanke fim da hannuna. Sai ga Inna a jikin ƙofa, tsagar kumatunta sarai, har da hararar da take wa bango. Gilashin ya ɗan faɗaɗa ta, wannan kam ba yadda zan yi.

Ƙanena ya kai mata. Ta ce, "A gaya masa ya ƙara min ƙiba." Ta sa a ƙasan akwati, ta hana kowa taɓawa.

Abin da na koyo ke nan. Masu tsakiya kowace kyamara tana ganinsu. Ni idan aka miƙo min hoto, gefe nake fara dubawa.